Daga Jirgin Feshi Zuwa Rafale: Yadda Kuroshiya Ta Riƙe Samaniyarta

Ranar 7 ga Oktoba, 1991, bayan azahar, jiragen yaƙin Yugoslabiya suka sauko a kan birnin Zagreb suka yi wa fadar gwamnati, wadda ake kira Banski Dvori, luguden wuta. A cikin ginin akwai Franjo Tudjman, shugaban Kuroshiya, da wasu manya biyu na tarayyar da ke wargajewa, Stipe Mesic da Ante Markovic. Dukansu sun tsira. Jiragen suka juya suka koma inda suka fito, babu wanda ya bi sawunsu, domin a ranar Kuroshiya ba ta da jirgin yaƙi ko ɗaya. Washegari majalisar dokokinta, wadda ta ƙaurace wa zaurenta ta yi zama a wani gini don gudun wani harin, ta yanke duk wata alaƙa da Yugoslabiya.

Mai son ya gane abin da ya sa ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan huɗu ba ta kashe kusan yuro biliyan ɗaya a kan jirage 12, shekara talatin bayan haka, dole ya faro daga nan. A lokacin rundunar sojin saman Yugoslabiya tana cikin manya a kudu maso gabashin Turai. Tana da jirage ɗaruruwa, tana da sansanin Zeljava da aka haƙa a cikin dutsen Pljesevica, a kan iyakar Kuroshiya da Bosniya, inda jirage ke kwana a ramuka ƙarƙashin dutse. Harajin 'yan Kuroshiya na cikin kuɗin da aka gina duk wannan, 'ya'yansu kuma na cikin matuƙan. Amma da aka zo rabuwa, komai ya tsaya a hannun rundunar tarayya da ke karɓar umarni daga Belgrade. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya kuma, a ƙudurinsa mai lamba 713 na ranar 25 ga Satumba, 1991, ya hana sayar wa kowane ɓangare na Yugoslabiya makamai. A takarda takunkumin bai bambanta kowa ba. A fagen yaƙi kuwa, mai makami ya ci gaba da riƙe abinsa, marar makami aka rufe masa kasuwa.

Abin da ya rage wa Kuroshiya shi ne jiragen ƙungiyoyin wasannin sama da na feshin magani a gonaki. Babba a cikinsu shi ne Antonov An-2, tsohon jirgin Sobiyet mai fukafukai hawa biyu da inji ɗaya mai farfela, wanda a gonakin Slavoniya aikinsa yayyafa taki da maganin ƙwari. Lokacin da aka yi wa garin Vukovar ƙawanya, matuƙan waɗannan jirage suka riƙa tashi cikin dare, babu fitila, suna jefa wa mutanen garin magunguna da harsasai. Daga baya suka koma jefa wa masu ƙawanyar bama-bamai na gida: a samo tukunyar dumama ruwan wanka ko tukunyar gas, a cika ta da nakiya da guntayen ƙarfe, a sa mata ashana, idan an zo kan abokan gaba mutum ya buɗe ƙofar gefe ya tunkuɗa ta da hannu. Jirgin da gudunsa bai fi na mota mai sauri ba, shi ne ke ratsa saman da ke cike da bindigogin kakkaɓo jirage. Bai hana Vukovar faɗuwa ba. Garin ya shiga hannu ranar 18 ga Nuwamba bayan kwana 87. Ranar 2 ga Disamba makami mai linzami ya kakkaɓo ɗaya daga cikin jiragen kusa da Vinkovci, mutum huɗun da ke ciki suka mutu. Kwana goma bayan haka, 12 ga Disamba, 1991, aka kafa rundunar sojin saman Kuroshiya a hukumance, aka ba Imra Agotic, tsohon hafsan sojin saman tarayya, shugabancinta.

Jiragen yaƙi na gaske sun zo mata ɗaya bayan ɗaya, kowanne da mutumin da ya sayar da ransa ya kawo shi. Na farko shi ne Rudolf Peresin. Ranar 25 ga Oktoba, 1991, ya tashi daga Zeljava a cikin MiG-21 na leƙen asiri kamar yadda aka umarce shi, sai ya karkata, ya bi ƙasa-ƙasa ya tsallaka iyaka ya sauka a Klagenfurt ta ƙasar Ostiriya. Ya ce shi ɗan Kuroshiya ne, ba zai buɗe wa mutanensa wuta ba. Ostiriya ta sake shi ya koma gida, ta riƙe jirgin, bai dawo ba sai 2019. Danijel Borovic ya bi sahu ranar 4 ga Fabrairu, 1992, ya sauka da nasa a Pula, wannan ne jirgin yaƙi na farko da ya zama mallakar Kuroshiya. A watan Mayu Ivica Ivandic da Ivan Selak suka gudo da wasu biyu daga cikin Sabiya kanta. Aka raɗa wa jiragen biyu sunaye, ɗaya mai ɗaukar fansar Dubrovnik, ɗaya mai ɗaukar fansar Vukovar. Kafin matuƙi ya yi irin wannan tafiya sai ya fara fitar da matarsa da 'ya'yansa a asirce, ya yi ta zama da abokan aiki yana dariya da su alhali ya san gobe za su kira shi maci amana.

Jirage uku ba runduna ba ce, biyu daga ciki ma an harbo su kafin ƙarshen 1993 tare da matuƙansu. Abin da ya fi jiragen daraja shi ne mutanen da suka tsallako, waɗanda suka zo ta sama da waɗanda suka zo ta ƙasa: matuƙa, makanikai, masu ɗora makamai, masu lura da rada, malaman makarantar tuƙi. Da a shekarun 1993 da 1994 Kuroshiya ta samo hanyar kewaye takunkumi ta shigo da MiG-21 masu yawa daga kasuwannin tsohuwar Tarayyar Sobiyet, a warwatse cikin akwatuna, waɗannan mutane ne suka harhaɗa su suka tashe su. Da babu su, da ƙarafa ne kawai aka saya.

A watan Mayun 1995 jiragen suka shiga farmakin da ya ƙwato yammacin Slavoniya. A rana ta biyu, 2 ga Mayu, aka harbo Peresin kusa da Stara Gradiska, a gaɓar kogin Sava. Sai a 1997 aka miƙo gawarsa. A watan Agusta aka yi babban farmakin da suke kira Oluja, wato guguwa, wanda ya kai ga kama garin Knin ranar 5 ga wata. Kuroshiyawa na bikin ranar a matsayin ranar nasara, Sabiyawa kuma na tunawa da ita a matsayin ranar da mutanensu kusan dubu ɗari biyu suka bar gidajensu. Tarihin yankin bai cika ba sai an faɗi duka biyun.

Daga nan aka shiga zaman lafiya, shi ne kuma ya kusa kashe rundunar. Yarjejeniyar taƙaita makamai da aka sa wa hannu a Florence cikin 1996 ta yarje wa Kuroshiya jiragen yaƙi har 62, amma ba ta taɓa kusantar wannan adadi ba. Baitulmali ya karkata ga sake gina garuruwa, biyan tsoffin sojoji da cire nakiyoyin da aka binne. An dai yi dabara ɗaya mai kyau: a tsakiyar shekarun 1990 aka sayo jiragen koyo na Pilatus PC-9 daga Suwizalan, aka girke su a Zemunik kusa da Zadar, makarantar matuƙa ta ci gaba da yaye ɗalibai. A 2003 aka kai wasu MiG ɗin kamfanin Aerostar na Romaniya aka yi musu garambawul, aka sa musu na'urorin sadarwa da za su yi magana da na ƙasashen Yamma. An ɗauka shekara goma za su ƙara kafin a samo magada.

MiG-21 jirgi ne da ya fara aiki a 1959. Yana da gudu, yana da juriya, an ƙera sama da dubu goma, sojin saman Najeriya ma sun tuƙa shi tun tsakiyar shekarun 1970. Amma tankinsa ƙarami ne, radarsa ba ta hango nesa, saukarsa kuma tana buƙatar hannu mai natsuwa. Jirgin da ya yi daidai da zamanin shugaban Sobiyet Khrushchev shi ne Kuroshiya ta shiga ƙungiyar tsaro ta NATO da shi ranar 1 ga Afrilu, 2009.

Shigar ta buɗe wata muhawara da ta daɗe ana yi, wadda kuma kowane ɓangare ke da hujja a cikinta. NATO na da tsarin sintirin sama: kowace ƙasa a riƙa samun jirage biyu a shirye dare da rana, su tashi cikin kwata ɗaya na awa idan wani jirgi ya daina amsa kira ko ya shigo ba izini. Ƙasar da ba ta da jirage, ƙawaye ke yi mata. Estoniya, Latbiya da Lituweniya sun zauna a haka tun 2004, ƙasashe na karɓa-karɓa wajen tsare musu sama. Slobeniya, maƙwabciyar Kuroshiya ta arewa, ta bar wa Italiya aikin, daga baya Hangari ta shigo. Albaniya ta ajiye nata tsoffin jiragen ta dogara da Italiya da Girka. Masu wannan ra'ayi a Zagreb suka ce: ƙasarmu siririya ce, ta lanƙwashe kewaye da Bosniya, jirgi mai gudu na tsallake ta cikin mintuna; me za mu yi da runduna mai cin kuɗi alhali Italiya na da jirage a tsallaken teku? Ɗaya ɓangaren ya amsa da abin da Bahaushe ke cewa, zanen aro ba ya rufe katara. Sintirin da ƙawa zai yi maka na lokacin zaman lafiya ne, ba kyauta ba ne, kuma ranar da gidansa ya kama wuta can zai fara kai ruwa.

A ganina hujjar da ta fi nauyi ita ce wadda matuƙan suka riƙa nanatawa, cewa runduna idan ta mutu ba a tashinta da kuɗi kawai. Kafin yaro ya tashi daga jirgin koyo ya zama wanda za a ba jagorancin jirage huɗu a sama, shekaru masu yawa ne, kuma a hannun wanda ya riga shi yake koyo. Idan aka ajiye jirage shekara biyar, manya za su yi ritaya, matasa za su koma kamfanonin fasinja, makanikai za su watse, sai a wayi gari babu mai koyar da kowa. New Zealand ta rushe rundunar jiragen yaƙinta a 2001, har yau ba ta maido da ita ba. Saboda wannan ne Kuroshiya ta yi ta lallaɓa MiG ɗinta fiye da yadda hankali zai so.

Lallaɓawar ta zo da tsada. A watan Satumban 2010 MiG biyu suka yi karo a sama lokacin atisaye kusa da Slunj, matuƙan suka fice da lema. A 2013 aka ba wani kamfanin gwamnatin Yukren kwangilar gyara jirage bakwai a Odesa da sayar wa Kuroshiya wasu biyar na hannu. Aikin ya yi jinkiri, jiragen suka dawo da matsaloli, a 2016 kuma masu bincike suka shiga maganar bisa zargin cin hanci da sauya lambobi da takardun wasu jiragen. Ranar 5 ga Agusta, 2014, wani MiG da ke dawowa daga shawagin bikin Knin ya kasa sauke tayoyinsa yadda ya kamata, matuƙin ya kai shi fili kusa da Velika Gorica ya fice. Akwai lokutan da jiragen da ke iya tashi ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Duk da haka biyun da ke jiran kira a sansanin Pleso, gefen filin jirgin Zagreb, ba a rasa su.

Masu kallon ƙwallo a Najeriya ba za su manta da Kuroshiya ta 2018 ba, wadda ta doke Super Eagles da ci biyu da nema a Kaliningrad ta wuce har wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya. Ranar 16 ga Yuli, da jirgin da ya ɗauko Luka Modric da abokansa ya shigo samaniyar gida, MiG-21 biyu suka tashi suka sa shi a tsakiya har Zagreb. A lokacin kowa na ɗaukar cewa rakiyar bankwana ce, domin tun watan Maris gwamnati ta zaɓi magada: F-16 guda 12 na hannu daga Isra'ila, samfurin da suke kira Barak, a kan kusan dala miliyan 500.

Cinikin bai kai ko'ina ba. F-16 ƙirar Amurka ce, duk wanda ya saye shi ya sa hannu cewa ba zai sayar wa wani ba sai da yardar Washington. Isra'ila ta shafe shekaru tana cusa wa jiragen nata na'urori, waɗanda su ne ma suka ja hankalin Kuroshiya. Amurka ta ce a cire su duka, a maida jiragen yadda suka fito daga masana'anta, sannan a sayar. Jirgin da ya haura shekara talatin, an kuma kwashe masa abin da ya sabunta shi, ba shi ne aka yi ciniki a kai ba. A watan Janairun 2019 aka soke maganar. Najeriya ta ɗanɗana irin wannan a 2014, lokacin da Amurka ta hana Isra'ila sayar mata jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra ana tsaka da yaƙi da Boko Haram. Bambancin shi ne Kuroshiya ƙawar Amurka ce a cikin NATO, a lokacin sojojinta na Afganistan kafaɗa da kafaɗa da na Amurka, amma dokar ba ta sassauta mata ba. Laifin bai tsaya a kan Washington kaɗai ba: waɗanda suka ƙulla cinikin sun sanar da shi kafin su riƙe takardar izini a hannu.

Aka sake buɗe neman tayi, sai shekarar 2020 ta zo da annobar korona, da girgizar ƙasa a Zagreb cikin Maris, da wata mafi muni a Petrinja ranar 29 ga Disamba wadda ta kashe mutum bakwai ta rusa dubban gidaje. Tayi huɗu ne a kan tebur: sababbin F-16 daga Amurka, sababbin Gripen daga Suwidin, tsoffin F-16 daga Isra'ila, da Rafale na hannu daga rundunar sojin saman Faransa. Ranar 28 ga Mayu, 2021, Firaminista Andrej Plenkovic ya sanar da zaɓin Rafale guda 12, goma masu kujera ɗaya, biyu masu kujera biyu, a kan yuro miliyan 999. A lokacin mutanen Petrinja da yawa na kwana a cikin kwantena. Waɗanda suka ce wannan kuɗi ya fi dacewa da rufin gidajensu ba marasa kishi ba ne, tambayarsu kuma tana da nauyi har yau. Gwamnati ta amsa da cewa MiG ɗin ba za su wuce 2024 ba, idan aka ƙara jinkiri babu abin da za a gada. Ranar 25 ga Nuwamba, 2021, aka sa hannu a Zagreb a gaban Shugaban Faransa Emmanuel Macron, tare da wata yarjejeniyar ƙawance ta musamman tsakanin ƙasashen biyu. Girka ta riga ta yi irin wannan ciniki a farkon shekarar. Faransa na sayar da jiragen da ke aiki a rundunarta, ta yi odar sababbi su maye gurbinsu, mai saye kuma ya samu kaya da wuri a kan farashi mai sauƙi.

Wata huɗu ba su cika ba abin da ya rufe bakin mutane da yawa ya faru. Daren 10 ga Maris, 2022, mako biyu da fara mamayar Rasha a Yukren, wajen ƙarfe 11, wani abu ya faɗo a unguwar Jarun ta Zagreb, dab da gidan kwanan ɗalibai na Stjepan Radic inda dubbai ke barci. Ya haƙa rami, ya lalata motoci da dama, aka tsinci lema rataye a bishiya. Jirgi ne marar matuƙi samfurin Tu-141, ƙirar Sobiyet, mai nauyin kusan tan shida. Ya taso daga wajen Yukren, ya ɗan ratsa Romaniya, ya yi kusan minti 40 a saman Hangari, ya yi kamar minti bakwai a saman Kuroshiya. Ƙasashen NATO uku ya keta, babu jirgin da ya tare shi. Babu wanda ya mutu, amma tazarar da ta raba ramin da ɗakunan ɗalibai ba ta da yawa. Shugabannin Kuroshiya suka fito fili suka koka da jinkirin ƙungiyar. Cikin kwanaki Rafale na Faransa suka yi shawagi a kan birnin, Amurka ta turo F-16 daga sansanin Aviano na Italiya suka sauka a Pleso. Ƙawayen sun zo, kuma zuwansu ya kwantar da hankali, sai dai bayan abin ya riga ya faɗo. A watan Disamba na shekarar wani MiG mai kujera biyu ya faɗi a daji kusa da Slatina, matuƙan biyu suka tsira.

A wannan lokaci matuƙa da makanikan Kuroshiya na Faransa suna karatu. Mutumin da ya saba da allon agogo-agogo da allurai, wanda jami'in ƙasa ke gaya masa ta rediyo ya juya dama ko hagu, shi ne aka zaunar gaban kwamfutocin jirgi mai inji biyu da ke hango abokin gaba tun daga nesa, ya sha mai a sama, ya raba bayanai da jiragen ƙawaye ba tare da an buɗe baki ba. Hannu ya riga ya iya tuƙi, tunanin yaƙi ne aka sake wa sabon zubi. Ranar 2 ga Oktoba, 2023, aka miƙa jirgi na farko a sansanin Mont-de-Marsan. Ranar 25 ga Afrilu, 2024, shida na farko suka sauka a Zagreb, matuƙan Kuroshiya ne a cikinsu. Na goma sha biyu ya iso bayan shekara guda.

Runduna ƙarama ba ta iya riƙe jirage iri biyu a lokaci ɗaya, domin mutanen da ke jiran kira a MiG su ne ake so su ƙware a Rafale. Saboda haka a ƙarshen Nuwamban 2024 aka sauke MiG-21 daga aiki. Kuroshiya ce ta ƙarshe a Turai da ta tuƙa shi, bayan Romaniya ta ajiye nata a 2023. Daga 1 ga Disamba jiragen Eurofighter na Italiya da Gripen na Hangari suka karɓi tsaron samaniyarta daga sansanoninsu na gida, ƙarƙashin cibiyar NATO da ke Torrejon a Sifaniya, aka tsara Rafale su karɓi aikin a farkon 2026. Ga irin aron da ya dace da ƙaramar ƙasa: na ɗan lokaci, da ranar maidowa, an kuma yi shi ne don mai gida ya samu sararin tsayawa da ƙafarsa.

Jirage 12 kaɗan ne. Idan aka cire waɗanda ke gareji da waɗanda ake koyo da su, abin da ya rage bai fi ya riƙe sintiri ya kuma ba da gudummawa ga atisayen ƙawaye ba. Makamai, kayan gyara da sabunta manhajar jirgin duk daga Faransa za su riƙa zuwa tsawon shekaru masu yawa. A watan Agustan 2024 Macron ya je Belgrade, inda shi da Shugaban Sabiya Aleksandar Vucic suka shaida sa hannu a kan sayar wa Sabiya Rafale sababbi guda 12 a kan yuro biliyan 2.7. Sabiya ba ta cikin NATO, ta kuma daɗe tana tuƙa MiG-29 na Rasha. Nan gaba kaɗan maƙwabtan biyu da suka gwabza a 1991 za su riƙa tashi da jirgi iri ɗaya, adadi ɗaya, wanda ya fito daga masana'antar Dassault ɗaya da ke Merignac kusa da Bordeaux.